Yariman Da Ba A Kiran Sunansa

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, a shekarar aka kawo Asma'u amarya garin Jega daga Mungadi, da akwatin tufafi ɗaya da kwalin littattafai biyu. Matan da suka zo ganin ɗaki suka ɗaga murfin kwali suna zaton kwanoni ne, suka mayar da shi a hankali kamar waɗanda suka buɗe tukunyar wani. Daga ranar sunanta ya zama Amarya Mai Takarda.

Mijinta Ubaidullah direban bas ne. Da can Jega zuwa Maiyama yake yi, amma tun da Birnin Kebbi ta zama hedikwata kowa ya samu dalilin zuwa can, sai ya koma wannan hanyar, ya fita da sassafe ya dawo bayan magariba. Wata huɗu Asma'u ta yi a gidan ba ta da abokin hira sai tsintsiya. Ba ƙin ta ake yi ba. Ita ce in an yi mata magana sai amsar ta ɓace mata, sai an watse sannan ta tuna abin da ya kamata ta ce.

Wata la'asar maƙwabciyarsu Hamida, matar mahauci, ta shigo tana mita. Akuya ta cinye rabin allon lidonta, ba abin da ya rage sai ɗan lidon, wannan ƙwayar mai ɗigo ɗaya zuwa shida. Asma'u ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, ai akwai wasan da ake yi da ɗan kawai.

Ita ta ƙirƙiro shi a makarantar kwana, ita da ƙawayenta na ɗaki. Kowa yana da mutuminsa a cikin labari, an rubuta sunansa da halinsa a bayan kwalin sukari. Mai labari ita ke faɗin gari da daji da abin da ke ɓoye bayan ƙofa, su kuma su faɗi abin da mutanensu za su yi. In haɗari ya tunkaro wani, sai mai labari ta kira sunansa, mai shi ta kaɗa ɗan lido a gwangwanin madara ta jefa. Huɗu zuwa shida ya tsira. Ƙasa da haka, sai yadda mai labari ta ga dama da shi.

Hamida ta zaɓi Tamu, ɗiyar maƙera mai guduma, wadda ba ta san ƙofa ba sai dai ta fasa bango. Gwaggo Kaltume, ƙanwar mahaifin Ubaidullah da ke zaune a gidan, ta ce ita ta tsufa da shirme, amma a rubuta mata Sambo, makiyayi mai jin maganar tsuntsaye, da farar saniyarsa wadda nononta ke warkar da rauni. Garin kuwa Birnin Tagulla ake ce masa, yana bayan tafki bakwai. Surukar Asma'u, Inna Gudiya, ba ta shiga ba. Ta dai tambaya ko ana sa wani abu, da aka ce mata ko ƙwayar gyaɗa ba a sa wa, sai ta ja tabarmarta gindin darbejiya, daidai inda kunne ke kaiwa, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Abin mamaki, Asma'un da ba ta iya amsa gaisuwa ba tare da inda-inda ba, in ta buɗe littafin Birnin Tagulla sai bakinta ya sake. Ta yi muryar aljani, ta yi ta tsohuwar mai gadin gada. Kafin sati biyu Hamida ta fara aiko mata da ƙashin miya, Gwaggo Kaltume kuma ta fara kiranta ɗiyata.

Matsala ɗaya, Hamida ba ta da haƙuri. Da ta ga abu ya taso sai ta riga mai labari, ta ce Sambo ya jefa. Don haka Asma'u ta zauna ta rubuta doka ta bakwai a littafinta, ta karanta musu har sau biyu, tana jin daɗin yadda ta tsara ta: babu mai jifa sai wanda mai labari ta kira da bakinta, da sunan da ke rubuce a kwalinsa.

Zahra'u, ƙanwar Ubaidullah, 'yar aji huɗu a sakandare, tana bakin ƙofar madafa tana cin ɗanwake lokacin da aka karanta dokar. Sati biyu tana wuce su tana taɓe baki. Ranar sai ta ajiye kwano ta matso.

"Matar Yaya, ni ma a ba ni kwali."

Asma'u ta yi murna har cikin ranta. Ta ɗauki biro ta ce ta faɗi irin mutumin da take so.

"Ɗan sarauta na," in ji Zahra'u. "Kakanai ya yi sarautar Birnin Tagulla, sai anka tuɓe shi. Shi kuwa bai gaji komi ba sai babbar riga guda, mai aljihu goma sha biyu ta ciki. Ya iya gaisuwa. In ya durƙusa yana gaishe ki, hannunai na baya yana kwance miki akuya. Ba ya sata da hannu in baki zai iya. Kuma yana son turare."

"Allah ya raba mu da shi," Gwaggo Kaltume ta ce.

"Mi sunanai?" Asma'u ta tambaya.

Zahra'u ta karɓi biron da kanta, ta rubuta, ta juyo kwalin kowa ya gani. Yarima Ubaidullah.

Hamida ce ta fara ganewa. Ta faɗi kan tabarma tana dariya tana dukan cinya. Wace macen kirki ce za ta buɗe baki ta kira sunan mijinta, balle a tsakar gidan surukai, balle uwar da ta haife shi tana zaune taku biyar daga wurin? Ita kanta Inna Gudiya, da yake ɗan farinta ne, shekara ashirin da tara ba ta taɓa ambaton sunan ba. Yana yaro ta ce masa Kai Wanga, da ya samu mota ta huta, ta koma ce masa Direba.

"Ki sake suna," Asma'u ta ce.

"Wace doka tac ce haka? Karanto mu ji."

Babu dokar. Kuma ƙanwar miji abokiyar wasa ce, ba a fushi da ita. Duk wanda ya ji cewa zai yi amarya ba ta san wasa ba.

Haka Yarima ya shiga Birnin Tagulla, ya zama mutum ɗaya tilo a duniya da haɗari ba ya iya tunkara. Ya ratsa tsakiyar dogarai da tulun zumar fada a kansa, ba wanda ya tsayar da shi, don mai labari ba ta iya cewa ya jefa. Ya ari gudumar Tamu wai zai fasa goro, ya dawo mata da muciya. Ya aura wa aljanin tafki na uku wata gimbiya da babu ita, ya ci goron biki ya tafi. Da farko kowa dariya yake yi, har Asma'u, don gaskiya Zahra'u ta iya shi. Takan gyara zama, ta sa hannu a ƙirji, ta ce da murya mai sanyi, "Ranki ya daɗe, ai ni bawanki na," kuma duk wanda ya ji haka ya san wani abu nasa ya tafi.

Asma'u ta gwada dabaru. Ta ce, "Takwaran yayanki, jefa." Zahra'u ta ɗaga kwali ta ce ba haka aka rubuta ba. Ta rubuta sunan a ƙasa da tsinke, Zahra'u ta ce doka ta ce da baki. Ta aiko da ambaliya ta ci garin duka, sai ga shi dole ta kira kowa ɗaya bayan ɗaya. Tamu ta rasa takalmi, Sambo ya sha ruwa, Yarima ya wuce a bushe yana sayar musu da gora.

Ranar da ya musanya farar saniyar Sambo da layar zana a kasuwar aljanu, ranar dariya ta ƙare. Gwaggo Kaltume ta kalli kwalinta, ta ce saniyar nan tun tana maraƙa take kiwonta.

Hamida ta ɗauki ɗan lidonta ta juya shi a tafin hannu.

"Amarya, gaskiya ɗaya ta. Mu muna jifa muna shan wuya, wagga ɗiya tana yawo awa iska. Wanga ba wasa ba na. Maigida ya ce zai sawo min sabon allo ranar kasuwa. In har ranar ba ki kama ɓarawon ga ba, in ɗauke abina mu koma lido, kowa ya huta."

Saura kwana uku kasuwa. Asma'u ta ce to. Ta shiga ɗaki ta rufe littafin, ta zauna tana kallon bango. Lido mutum huɗu ne ke yi, kuma ba a bukatar mai labari. Ta san inda za ta koma: ita da tsintsiya.

Washegari da safe, tana zuba wa mijinta kunu, ta daure ta ba shi labari. Ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi.

"To ki hwaɗa mana. Ni na yahe."

"Gaban Inna?"

Ya ajiye ludayi ya yi tunani. "A'a. Gaban Inna kam, a'a." Ya miƙe ya ɗauki makullin mota, ya kai ƙofa ya juyo. "Amma dai Yariman kyakkyawa na, ko?"

Ta jefe shi da murfin kwano, a hankali, yadda ba za a ji a waje ba.

Ranar kasuwa da hantsi aka sauke buhun albasa daga garin Kashin Zama, saƙon yayan Inna Gudiya. Inna ta kira Asma'u su zazzage su ware masu taushi. Suka duƙufa kan aiki. Tun zuwanta gidan ba su taɓa haɗa magana ta wuce ta gaisuwa da gishiri ba.

Can Inna ta ɗaga wata ƙatuwar albasa ta duba gindinta.

"Sarkin Noma bai iya aiko da ƙanana ba," ta ce, kamar da albasar take. "Shi na ɗan hwarin innarmu. Shekara arba'in tsohuwar nan in tana son shi sai ta aiki yaro, ko ta yi tari. Har ranar da anka naɗa mashi rawani. Ke, ranar ba mu sha ruwa ba. Sarkin Noma zo, Sarkin Noma tahi, Sarkin Noma ka ci abinci? Har sai da yat tsere gona." Ta jefa albasar cikin masu kyau. "Miƙo min wancan kwando."

Asma'u ta miƙa. Ta saci kallon fuskar Inna, ba ta ga komai ba sai mace mai ware albasa. Amma hankalinta ya tafi kan kwalin Yarima, har ta jefa ruɓaɓɓiya cikin masu kyau, Inna ta tsamo ta.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma. Hamida ta zo da sabon allon lido a hammata, ko ledarsa ba a cire ba, ta jingina shi da bango inda kowa zai gani. Asma'u ta buɗe littafi.

Ta ce Galadiman Birnin Tagulla ya rasu ba magaji. Sarauniya ta sa an yi shela: tambarin gari, wanda ya faɗa rijiyar macizai shekara ɗari, duk wanda ya kawo shi fada da hannunsa, shi za a naɗa.

Zahra'u ta daina taunar rake.

Tamu da Sambo suka sauka rijiya da igiya. Yarima ya ce shi yana fama da ciwon gwiwa, amma zai riƙe musu igiya don zumunci. Asma'u ta kira Tamu, Hamida ta jefa uku, maciji ya sare ta a ɗan yatsa. Ta kira Sambo, Gwaggo ta tofa addu'a a gwangwani ta jefa biyar, ya tsallake. Sau shida suna jifa kafin suka kai ga tambarin, a cikin laka, da uwar macizai kwance a kansa. Hamida har ta cire ɗankwali.

"Ranku ya daɗe," in ji Zahra'u da muryar nan, hannu a ƙirji, "igiyar ga ba ta ɗaukar ku da kaya. Ku ɗauro tambarin in hwara jawo shi, sannan ku."

"Kada ki yarda," Gwaggo ta ce wa Hamida.

"To mu bar shi nan? Bayan saran da na sha?"

Suka ɗaura. Yarima ya jawo tambari, ya naɗe igiyar ya sa a aljihu na tara, ya leƙa rijiya ya yi musu fatan alheri.

Hamida ta dubi Asma'u. "Yanzu kina kallo?"

"Ya kai tambari fada," Asma'u ta ce, idonta a kan littafi. "Sarauniya ba ta saɓa alkawari."

Hamida ta yafa gyale ta miƙa hannu ga gwangwani za ta ɗauke ɗan lidonta. Asma'u ta riga ta dafe shi. Ita kanta ba ta san ta yi ba sai da ta ga hannunta a kai.

"Yaya Hamida, don Allah. Ki bari a gama naɗin."

Hamida ta yi tsaki ta zauna a gefen tabarma, rabin jikinta a waje.

Asma'u ta ba naɗin haƙƙinsa. Ta faɗi tsawon rawanin, kamu talatin, da alkyabbar da aka saƙa da gashin ɗawisu. Ta faɗi yadda 'yan kasuwar da ya cuta suka zo suka faɗi gabansa. Zahra'u ta cire ɗankwalinta ta naɗa a kai da kunne biyu, ta zauna a kan turmi tana amsa gaisuwa da ɗaga yatsa.

"Allah wadai," Gwaggo Kaltume ta ce. "Ubaidullah ɓarawon saniya, wai shi na da rawani."

"Gwaggo," in ji Zahra'u daga kan turmi, "mai rawani kike kira da sunan yanka? A ina anka taɓa yin haka?"

Ko a wasa, wannan gaskiya ce.

Asma'u ta ɗauko kwalin Yarima ta riƙe kamar ba ta san abin da za ta yi da shi ba.

"To kwalin hwa?" ta ce. "In bar shi yadda yake? Ba sai an rubuta ba, ai mu mun sani."

"A bar shi? Don gobe Gwaggo ta ce ba a yi ba? Kawo biro."

Zahra'u ta soke layin sama, ta sake sokewa don kada a ce ana gani. Ta rubuta GALADIMA da manyan baƙaƙe, ta zana masa ɗan rawani a gefe, ta ajiye kwalin a tsakiyar tabarma.

Asma'u ta koma kan littafi. Ta ce a can ƙasan rijiya wata tsattsewa ta gaya wa Sambo akwai ramin gafiya da ke ɓullewa bayan fada. Ta ce ana cikin kaɗa tambari sai bangon zaure ya tsage, ƙura ta tashi, ga Tamu da muciya a hannu, yatsa a kumbure, ga Sambo a bayanta da laka har gira.

Ta tura gwangwanin gaban Zahra'u.

"Galadima," ta ce. "Jefa."

Zahra'u ta dubi Asma'u, ta dubi kwalin, ta dubi rubutun hannunta. Rawanin ya zame mata kan ido ɗaya.

"Ba haka..."

"Karanto mu ji," in ji Hamida, tana dawo da sauran jikinta kan tabarma. "Ke da kin iya doka."

Zahra'u ba ta taɓa riƙe gwangwanin ba tun da ta shiga wasan. Ta kaɗa shi har sai da Gwaggo ta ce ba fura ake damawa ba. Ta jefa. Ɗan lido ya gangara, ya bugi ƙafar turmi, ya tsaya. Biyu.

Asma'u ba ta tsananta ba. Ta ce muciya ta sauka a inda Galadima ke zama, an zazzage aljihu goma sha biyu a gaban Sarauniya, har da cokalin fada da ba a san ya ɓata ba. Aka yanke masa ya tafi kasuwar aljanu da ƙafa, da rawaninsa, ya karɓo farar saniya, Sambo na biye da shi da sanda.

"To ya ajiye sarautar," Zahra'u ta ce da sauri. "Ya yi murabus. A mayar mashi da sunanai."

"Sai ya zama tsohon Galadima," in ji Gwaggo Kaltume. "Har kabari. Tashi mu tahi, saniyata na jira."

Zahra'u ta dubi matar yayanta ta gefen ido, dariya na neman ƙwace mata. "Matar Yaya, ashe haka kike? Muna ganin ki shiru-shiru."

Asma'u ta nemi amsa, kuma a karon farko ta same ta tun ba a watse ba. "Ranki ya daɗe," ta ce, hannu a ƙirji, "ai ni baiwarki ta."

Wani yaro ya leƙo ta katanga ya ce wa Hamida wakenta na ƙonewa. Ta ce a sauke, tana zuwa, ba ta ko waiwaya ba. Ta tambaya tsakanin fada da kasuwar aljanu tafki nawa ne, kuma ko akwai kada a ciki.

"Akwai," Asma'u ta ce. "A na hwarko ma."

Daga gindin darbejiya Inna Gudiya ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta jawo tabarmarta gaba kaɗan.

"Amarya," ta ce, "ɗazu hayaniya ta yi yawa, ban ji da kyau ba. Sake kiran shi."